Bashin Kawu, Awarwaron Inna

Da ruwan sabulu aka zare su. Awarwaro huɗu ne na zinare, irin waɗanda Larabawan Jazira ta Sudan ke kira guwaishat, sun fi shekara goma a hannun matar kawuna, wadda duk gidan muke ce wa Inna. Hannu ya ƙara kauri, zinare kuwa ba ya miƙewa, don haka sai da aka kawo kumfa a kwano aka shafa, aka murza, aka ja da ƙyar. Da suka fita, gurbinsu ya bar zane a fata kamar an ɗaura zare. Ta ƙulle su a bakin mayafi ta miƙa wa babban ɗanta, ta ce ya bi motar asuba zuwa Wad Madani, kada kuma ya sallama wa mai shagon farko da ya taya. Sannan ta juya ga liman da ƙanen Kawu da ke zaune a bakin ƙofa, ta ce: "Malam, ku shaida. Rance ne." Ƙanen Kawu ya haɗa gira. Liman ya ce ya ji.

Ran nan kwanan Kawu shida a tsare. Ba shi da hawasha tasa ta kansa, wato gonar da ake raba wa manoman Jazira. Kamar yawancin mutanenmu na kambo, ƙauyukan 'yan ƙodago, noman raba-daidai yake yi a gonar wani mai hawasha, dawa da gyaɗa, da rani kuma ya ɗan taɓa fataucin albasa. A watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ciyawa kuma ta taso tana neman 'yan ƙodago, ya ci shail a wurin wani ɗan kasuwa: ka karɓi kuɗi yau, ka biya da buhunan dawa da kaka, a farashin da aka yanke tun dawa ba ta fid da kai ba. Mutumin bai yarda da alkawarin baki ba, ya sa shi ya rubuta cek. Gonar tana can ƙarshen abu ishirin, ƙaramar hanyar ruwan da ke bin gefen gonaki. A shekarar laka da ciyawa suka toshe tur'a, hanyar ruwan da ke ciyar da ita, ruwa bai iso ba sai da dawa ta bushe a tsaye. Cek ya je banki ya dawo, daga nan sai ofishin 'yan sanda.

Babu wanda ya nemi awarwaron Inna. Ɗan kasuwa bai ambace su ba, ɗan sanda bai tambaya ba, da ma an kai gaban alƙali ba zai taɓa su ba, domin ba ita ta ci bashin ba kuma ba ta sa hannu a komai ba. Kowa a kambon ya san haka, har yara. Duk da haka su ne suka biya.

Bayan shekaru masu yawa wani abokin ƙuruciyata, wanda sa'a ta kai shi jihar Ohayo ta Amurka, ya kira ni da dare yana huci. Ya ci bashi ya sayi motar dakon kaya, aiki ya tsaya, bashi ya yi masa katutu, lauya ya ba shi shawara ya kai kansa kotu ya ce ya karye. Shi kaɗai ya shigar da takarda, matarsa ba ta ciki. Amma fom ɗin da aka ba shi yana da gurbi na albashin matar, kuma lauya ya ce a kawo takardun albashinta na wata shida. Ina jiyo muryarta daga kicin tana cewa: "Baban Yara, ina ruwansu da albashina? Ni na sayi mota?" Ta yi fushi na kwanaki, amma ta kawo takardun. Wata huɗu da wani abu bayan nan kotu ta wanke shi. Motar ta tafi, 'yan kunnenta da albashinta suna nan.

To ga mata biyu. Ɗaya doka ta rantse ba za ta leƙa jakarta ba, sai ga ta hannu babu komai. Ɗaya doka ta zazzage jakarta a kan tebur ta ƙirga, ta kuma mayar mata da abinta. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma abin da ya taimake ni fahimtarsa wata tsohuwar gardama ce ta manoman Jazira, wadda ba ta da alaƙa da aure ko kaɗan.

Tun da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga, lissafin Jazira na tarayya ne, hisabul mushtarak. Ana tara kuɗin audugar kowa wuri ɗaya, a cire abin da aka kashe wajen gurza da dako da sayarwa, sannan a raba: a mafi yawan zamanin Turawa kashi 40 na manoma, 40 na gwamnati, 20 na kamfanin da ke gudanar da noman. Da hukumar Jazira ta karɓi ragama daga kamfanin a 1950, mai hedikwata a Barakat, tsarin bai mutu ba, sai a 1981 aka koma hisabul fardi, kowane manomi da asusunsa, a caje shi kuɗin ruwa da ƙasa, riba tasa hasara tasa. Kakanninmu, waɗanda wasunsu aikin Hajji ya baro da su daga ƙasar Hausa, wasu kuma suka biyo ayarin Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, galibi masu tsinkar auduga ne da 'yan ƙodago, amma gardamar ta shiga bakinsu. Na taso ina jin dattawa suna ta a gindin bishiya. Wannan ya ce a tarayya mai ƙwazo ke goya rago. Wancan ya ce a ɗaiɗai, ranar da ka faɗi kai kaɗai za ka faɗi.

Auren Bahaushe, a wajen dukiya, hisabul fardi ne tun fil azal. Inna tana dama godogodo, tana suyar gyaɗa, tana daka dakwa 'yan mata su kai tasha. Tana zubin adashi, wanda a nan ake kira sanduk, kuma daga kwasar adashi biyu da sadakinta awarwaron suka fito. Akuyoyinta suna da igiyarsu daban. Na sha ganin Kawu ya sayi gyaɗar ƙulli biyu a hannunta ya biya, in babu canji ta rubuta masa a ka, ta kuma tuna masa ranar kasuwa. Baƙo daga wata al'ada zai ce wannan wane irin zama ne. Mu kuwa ba mu ga abin mamaki ba, domin cefane da tufafi da wurin kwana wuyan miji suke, abin da mace ta samu nata ne, ko da ta fi shi samu nesa ba kusa ba. Dokar zaman iyali ta Musulmin Sudan ta 1991 ma ta lissafa haka a cikin haƙƙoƙin mace a kan mijinta: ciyarwa, da kuma kada ya taɓa dukiyarta.

Malaman Malikiyya ba su bar maganar a dunƙule ba. A babin iflasi, wanda almajiran garin Mai Wurno da Sinnar ke karantawa a Muhtasar na Halil kamar yadda ake karanta shi a Kano da Sakkwato, idan bashi ya fi ƙarfin dukiyar mutum kuma masu bin sa suka kai ƙara, alƙali zai hana shi taɓa kayansa, a sayar, a raba wa masu bin bashi gwargwadon abin da kowa ke bi. Ana bar masa abinci da tufafi, shi da waɗanda ciyar da su ke wuyansa, har zuwa lokacin da ake zaton zai farfaɗo. Ba a tilasta masa ya je ya ci wani bashin don ya biya wannan. An yi haka tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da dukiyar Mu'azu ɗan Jabal, Halifa Umar ma ya yi da wani mutumin ƙabilar Juhaina. A duk wannan lissafin dukiyar matar ba ta shigowa. Ba a tambayar nawa take samu, ba a rage abincin da za a bar wa gidan don wai tana da sana'a.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma mata da yawa ba su san shi ba, shi ne matar tana iya shiga layin masu bin bashi. In akwai ragowar sadakinta da bai biya ba, za ta shiga rabon kafaɗa da kafaɗa da ɗan kasuwa. In ta ciyar da kanta daga aljihunta a lokacin da yake da hali ya ƙi, wannan ma bashi ne. In ta ranta masa, rance ne kamar na kowa. A Ingila sai a 1882 doka ta yarda matar aure ta riƙe dukiyarta baki ɗaya da sunanta, kuma har yau a dokar karayar arzikinsu, bashin da mace ke bin mijinta ana ajiye shi a baya, sai sauran sun ƙoshi. Ibn Hazm na Andalus ya ce mace mai wadata ita za ta ciyar da mijinta in ya talauce, amma jumhurun malamai ba su bi shi ba, kuma ban taɓa jin wani malami a ƙauyukanmu ya yi fatawa da maganarsa ba, ko da yake na san magidanta da za su so a yi.

Akwai ƙofa guda da bashin miji ke bi ya hau kan mata, ita ce lamuni. In ta tsaya masa, ta ce in bai biya ba ni zan biya, to ta ɗaura wa kanta. Malikiyya sun ɗauki lamuni a matsayin kyauta, shi ya sa suka ce na matar aure bai wuce sulusin dukiyarta sai da yardar mijinta. Sai dai wannan shinge an yi shi ne don kare miji daga matar da za ta rabar da kayanta a waje. Idan mijin ne da kansa ke roƙon ta tsaya masa, ai yardarsa a shirye take. Kotunan Ingila sun yi fama da irin wannan a shari'ar O'Brien ta 1993 da ta Etridge ta 2001, har suka ɗora wa banki nauyin tabbatar da cewa matar ta ji shawarar lauya ba a gaban mijinta ba kafin ta sa hannu. A wurinmu sa hannun yakan faru ne a tsakar gida, da dangwala yatsa, miji yana tsaye.

Na Amurka kuma wani dabo ne mai hannu biyu. Bashin wanda ya ci ne. In miji ya kai kansa kotu shi kaɗai, sunan matar ba ya shiga, kayanta na kanta ba sa shiga abin da wakilin kotu zai sayar. Amma tun gyaran dokar da aka yi a 2005, kafin a bar mai bashin masarufi ya bi Babi na 7, inda ake sayar da abin da doka ba ta kare ba a yafe saura, sai an auna samunsa. Ana ɗaukar abin da ya shigo gidan a wata shida na baya, har da albashin matar muddin suna zaune tare, a kwatanta da matsakaicin samun gida mai yawan mutane irin nasu a jihar. In suna ƙasa da shi, hanya a buɗe take. In sun haura, sai a ci gaba da lissafi. Ana cire abin da matar ke kashewa a kan lamuranta da ba na gida ba, kamar bashinta na kanta ko kuɗin da take aika wa iyayenta, a cire kuɗin masarufi, in ragowar ta yi kauri a tura shi Babi na 13, ya yi ta biya wata-wata, mai irin wannan samu har shekara biyar. Wato ba a karɓar albashinta, amma albashinta na iya rufe wa mijinta ƙofa mai sauƙi. Bashin da suka sa wa hannu tare kuwa, in an yafe masa, ita ba a yafe mata ba, duka zai dawo kanta, sai dai a Babi na 13 ana dakatar da masu bin bashin masarufi daga damunta muddin yana kan biya.

Jihohi tara, ciki har da Kalifoniya da Arizona da Luwiziyana, sun wuce nan. A can abin da miji ko mata suka samu bayan aure na tarayya ne, hisabul mushtarak sosai, don haka in ɗaya ya karye dukiyar tarayyar gaba ɗaya za ta shiga hannun kotu, har da abin da aka saya da gumin wadda ba ta ci bashi ba. Ladan da take samu shi ne, bayan an wanke mijin, masu tsohon bashin ba za su sake bin abin da suka tara tare daga baya ba. A ko'ina a ƙasar kuma, wakilin kotu na iya warware kyautar da mutum ya yi wa matarsa a cikin shekara biyu kafin ya kai ƙara in ta zama hanyar ɓoye dukiya, yana kuma iya dawo da bashin da ya biya ta a cikin shekara guda, alhali na bare kwana 90 kawai ake waiwaya.

Ba zan ce babu hikima a wannan leƙen ba. Duk wanda ya yi kasuwa a Sinnar ko Damazin ya san mutumin da ake bi bashi har wuya, amma babbar motar da yake hawa ta Hajiya ce, gidan na Hajiya ne, injin ban-ruwan da ke lambu a bakin Shuɗin Nilu ma na Hajiya ne, Hajiyar da ba ta taɓa sayar da ko allura ba. Katangar da aka gina don kare mace, ɓarawo ma yana iya laɓewa a bayanta. Kuma mai bin bashi ba kullum azzalumi ba ne. Wani lokaci maƙwabci ne da ya ba ka kuɗin auren 'yarsa ka juya. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, in mace tana biyan kuɗin haya, ai abin da ya rage a hannun miji ya fi na wanda shi kaɗai ke ɗauke da komai. Ba'amurke ya kalli tukunyar, ya ce a ƙirga abin da ke shiga cikinta.

Amma ɗauko wannan awon a kawo shi kambo, za a sha kallo. Kawu mata biyu ne da shi. Samun wacce za a ƙirga? Inna mai godogodo da awarwaro, ko amarya da ba ta da ko akuya? In an haɗa, Inna ta zama mai biyan bashin da aka ci wani ɓangarensa don ɗinkin kishiyarta. In an ware, an dawo inda aka fito. Wa zai rubuta cinikin da ake yi da tsabar kuɗi a faranti, wanda yau akwai gobe babu? Abin da ya fi wannan nauyi, ranar da alƙali ya fara cewa matarka tana samu don haka kai mai hali ne, ranar ya sauke wa maza rabin nauyin ciyarwa ba tare da ya faɗa ba. Mace a wurinmu ba ta da fansho, ana iya sakinta da kalma ɗaya, gādonta daga miji sumuni ne in akwai 'ya'ya, shi ma ta raba da kishiyoyi. Zinaren hannunta shi ne gonarta da asibitinta da kuɗin motar komawa gidan ubanta. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin 100 a wasu shekarun 1990, ta kuma haura 300 a 2021, shi kaɗai ne ajiyar da ba ta narkewa. A nan kam ina tare da malamanmu ba tare da wani ja-in-ja ba.

To me ya sa matar Ohayo ta tsira da 'yan kunnenta, Inna ba ta tsira ba? Kalmomi uku ne na Larabci da ko wanda bai yi makaranta ba ya haddace: yabƙa lihinis sadad, a ci gaba da tsare shi har sai ya biya. Bayar da cek da ya dawo laifi ne a sashe na 179 na dokar manyan laifuka ta 1991, don haka duk mai ba da bashi da ya san kan duniya ba ya neman jingina ko shaidu, cek yake nema, ko takardar da ake kira wasl amana, wadda ke mayar da bashi ya zama cin amana. A shekarun 1990, da bankuna suka shiga ba manoma kuɗi ta hanyar salam, wato shail da aka yi wa wanka aka sa masa rawani, manoma da yawa sun kwana a kurkuku, musamman a Gadarif, har kalmar mu'usirin, waɗanda suka gaza biya, ta zama ta yau da kullum a jaridu. Mai bin bashi ba ya bukatar doka ta ba shi ikon taɓa kayan matarka. Ya isa ya riƙe ka. Ita da kanta za ta kawo, uwarka ta kawo, ƙanwarka da ke aure a wani gari ta aiko da ɗan kunne ɗaya.

Wannan ba fiƙihun Malik ba ne. A wurinsa mai hali da ke taurin bashi ana ɗaure shi har ya biya, wanda ba a san halinsa ba ana tsare shi gwargwadon yadda za a bincika, amma da zarar shaidu sun tabbatar ba shi da komai, ya kuma rantse, sai a sake shi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Muslim ya ruwaito labarin wani da ya sayi 'ya'yan itace suka lalace bashi ya rufe shi, aka tara masa sadaka ba ta isa ba, aka ce wa masu bin sa su ɗauki abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan. Kusan labarin Kawu ke nan, in ka cire abu ishirin. Amurka ta daina ɗaure mutane kan bashi a kotunan tarayya tun 1833, Ingila ta rage shi ƙwarai a 1869, Sudan kuma ta shiga yarjejeniyar duniya ta haƙƙin ɗan ƙasa da siyasa a 1986, wadda sashenta na 11 ya hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin kwangila. Takardu ba su yi ƙaranci ba.

Wani zai ce to a kwaso wankewar kotu irin ta Amurka mana. Ba na jin za ta zauna a zukatanmu yadda take a can. Abokina na Ohayo, bayan kotu ta sallame shi, bai samu barci ba sai da ya bi wasu 'yan'uwa biyu da ya ranci kuɗinsu ya biya su a hankali, domin ya taso yana jin yadda Annabi ya dakata da sallar gawar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Alƙali na iya hana a bi ka, ba ya iya goge abin da ke wuyanka. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, kuma ba a fid da shi da takardar kotu. Sudan tana da dokar iflasi tun 1929, ta zamanin Turawa, amma ban taɓa ganin ɗan kambo ya bi ta kanta ba. Abin da muka sani shi ne ajawid, dattawan sulhu da ke zuwa su zauna wa ɗan kasuwa a shago har ya rage wani abu, da Diwanuz Zakka mai kason garimina, wato waɗanda bashi ya rufe, wanda kan fanshi wasu fursunonin bashi, galibi in azumi ya zo. Kawu a watan Nuwamba aka kama shi, azumi kuwa da saura.

Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud tana da sana'ar hannu, mijinta ba shi da ƙarfi, ta tambaya ko za ta iya ba shi sadakarta, aka ce tana da lada biyu. Masu wa'azi suna son wannan hadisin, kuma suna da gaskiya. Amma Zainab tambaya ta yi tana da zaɓi, babu wanda ya kulle mata miji a ɗaki ya ce sai ta kawo. Abin da ake kira taimakon mace ga mijinta a yawancin labaran da na sani, in an cire kunya, kuɗin fansa ne. Shi ya sa nake ganin hisabul fardi ya fi dacewa da mu, amma fa in an bi shi har ƙarshensa: a saki wanda aka tabbatar ba shi da shi, a binciki wanda ya laɓe a bayan Hajiya, abin da mace ta bayar kuma a rubuta shi da sunan da ta kira shi. Yanzu ma maganar za ta taso sabuwa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya shiga Wad Madani a Disambar shekarar, mutane suka watse, gonaki suka kwana babu shuka, kuma zinaren da 'yan bindiga ba su ƙwace ba shi ya biya kuɗin motar gudu. Cek ɗin da aka rubuta kafin yaƙi suna nan a aljihunan masu su.

Kawu ya fito a kwana na tara. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, kuma a cikinsu ya mayar wa Inna awarwaro biyu, ɗaya bayan wata kakar gyaɗa mai kyau, ɗaya da ya aurar da 'yarsa. Ranar rabon gādonsa, limamin nan dai, ya tsufa har ana riƙe masa hannu, ya tambaya sau uku ko akwai mai bin mamaci bashi. Mai shago ya faɗi nasa, wani maƙwabci ya ce ya yafe. Sai babban ɗan Inna ya fito daga cikin gida yana sunkuyar da kai, ya ce: "Malam, Inna ta ce saura biyu." Wuri ya yi tsit, ƙanen Kawu ya fara cewa ai tsakanin miji da mata, liman ya ɗaga masa hannu ya ce shi shaida ne, a fid da shi kafin a raba komai. Aka sayar da sa guda da buhu shida na dawa. Da aka kai kuɗin Madani, zinare ya riga ya yi nisa, awarwaro ɗaya suka saya da ɗan canji. Inna ta karɓa, ta ce ɗayan ta bar wa marayun amarya, ta sa aka kawo mata ruwan sabulu ta zura shi a hannun hagu.